Mai Masaukinmu a Dakar

Tun da na dawo Sokode ban huta da tambaya ba. In na je rijiya a tambaye ni, in na je suna a tambaye ni. Har matan da ke zuwa awo a matanite, wato asibitin haihuwa, ina kasa kunne ina neman bugun zuciyar ɗan da ke cikinsu, su kuma suna cewa, "Ramatu, wai da gaske ne teku ba ta da ƙarshe?" Ƙawayena Zuwaira da Amisatu kuwa sun ce ba za su ƙara zuwa mini hira ba sai na ba su labarin daga farko, ba guntu-guntu ba. Ni bakina ba shi da sauri irin nasu, kafin in haɗa magana ɗaya sun yi uku. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta, wadda ta iya boko ta karanta wa sauran.

Kun san yadda aka yi na shiga lakwal, makarantar boko. Kumandan, Baturen da ke mulkin garin, ya ce kowane babban gida a zango ya ba da yaro, yayyena maza duk suna kan hanyar goro, sai Baba ya ba da ni, yana cewa kafin a ankara an sako ni. Ba a sako ni ba. Na ci jarrabawa, na sake cin wata, sai ga labari wai an zaɓe ni in tafi Dakar koyon aikin ungozoma irin na asibiti. 'Yan matan Lome sun daɗe suna zuwa. Daga wajenmu kuwa ba mu taɓa jin an kai mace ba, sai a shekarar aka ɗauki mu biyu, ni da wata yarinya daga Dapango mai suna Asibi.

Ta iso gidanmu a saman buhunan gyaɗa, doguwa, kakkaura, jar ƙasar hanya ta rufe mata har gashin ido. Mahaifinta ɗan ƙabilar Moba ne, tsohon soja. Hausarta ta kasuwar Dapango ce, wadda mace da namiji duk ɗaya ne a cikinta. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai ne Ramatu? Iska zai ɗauke ka a teku." Mma, mahaifiyata, ta kawo mata tuwon dawa da miyar kuka, ta cinye, aka ƙara, ta cinye, ta sha ruwa, sannan ta ce yanzu ta iso. Mma ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "Wannan ce za ta riƙe mini ke."

Da safen tafiya Baba ya kira mu zaure. Gidanmu masaukin fatake ne tun zamanin kakana, don haka zauren cike yake da baƙi, duk suka yi shiru. Baba bai ja magana ba. Ya ce, "Idon mutane yana kanku. In aka koro ɗaya daga cikinku za a ce 'yan arewa ba su iya ba, kuma babu uban da zai ƙara sakin 'yarsa." Aka shafa fatiha muka fita.

Kamiyo, wato motar kayan da muka hau, bai yi nisa da mu ba, a Awuda tayar baya ta fashe. Muka sauka muka zauna gindin wata bishiya. Manoman wurin suka kawo mana gasasshiyar doya da manja da barkono. Wata tsohuwa ta tambaye ni da yaren Kotokoli ina za mu. Na ce bayan teku, koyon karɓar haihuwa. Ta riƙe haɓa ta ce, "Ikon Allah. Su matan can ta wata hanya suke haihuwa?" Da na fassara wa Asibi sai da doya ta ƙware ta.

A Bilita muka shiga jirgin ƙasa. Na sami bakin taga na zauna ina kallon itatuwa suna gudu baya, na ce a raina su ne ke komawa Sokode su gaya wa Mma inda na kai. Ashe tartsatsin wuta daga bututun jirgi ya sauka a kan ɗankwalina. Ban sani ba sai da Asibi ta maka mini tafi a ka. Ta ce, "Kai mai mafarki! Kanka yana cin wuta kana murmushi." Da ɗankwali mai huji na shiga Lome.

Kawu Salifu ya sauke mu a zango, shi ya kai mu wajen likita aka yi mana lamba a dantse, aka buga wa takardunmu hatimi. Teku kuwa, Zuwaira, tunda ke kika fi damuwa da ita: ki ɗauka an tattara dukan ramukan marina na duniya an zuba su wuri ɗaya, shuɗi bisa shuɗi, sannan wani da ba a gani yana ta juya shi ba ya gajiya. Na tsaya ina kallo. Asibi ta ɗanɗana ta tofar, ta ce an yi asarar gishiri.

Babban jirgi ba ya iya matsowa gaɓar Lome. Akwai wata doguwar gada ta ƙarfe da ta shiga cikin ruwa. A ƙarshenta ake sa mutane cikin wani abu kamar babban kwando mai wurin zama, injin ɗaga kaya ya ɗaga su ya sauke cikin kwalekwale, kwalekwalen ya kai su gindin jirgi a sake ɗaga su. A cikin kwandon nan muka haɗu da Ablabi, 'yar Lome wadda ta riga mu shiga makarantar, aka ce ita za ta kula da mu a hanya. Takalminta mai tsini ne, Faransancinta kamar ruwa. Muna lilo a sama, ni ina karanta duk addu'ar da na sani, ita tana gyara gashinta. Ta ce, "'Yan arewa, ku buɗe ido mana. In za a faɗa ai gara a ga inda za a faɗa."

Mu wurinmu a jirgi saman katako ne, ƙarƙashin rumfar tampol. Ni teku ta karɓe ni lafiya. Asibi ce, wadda muka ɗauka ko dutse ba zai kayar ba, ta kwanta tun ranar farko. Kusa da inda aka shimfiɗa mana ake dafa wa ma'aikatan jirgi kifi safe da yamma, ƙarnin ya shiga mata hanci tare da jiri da amai, ya zauna. Jirgi ya tsaya a garuruwa da dama, ana loda kaya ana saukewa, ita dai tana kwance da ɗankwali a fuska. Na ce a raina da mun taka ƙasa zai wuce.

A Dakar jirgi ya jingina da gaɓa kamar jaki a bakin ƙofa, muka sauka da ƙafafunmu. Wajen 'yan duwan, masu binciken kaya, aka ce kowa ya kwance kayansa. Baturen wurin ya buɗe ƙunshin da Mma ta ɗaure mini, warin daddawa ya buge shi, ya ja da baya ya toshe hanci da hankici yana tambaya ko wani abu ne ya mutu a ciki. Mai gadin da ke gefensa, mutumin ƙasar, ya sunsuna ya yi murmushi, ya ce su ma da ita matansu ke miya. Aka bar ni na wuce da abata. Amma murna ba ta daɗe ba, don a ƙofar makaranta aka karɓe ta, da kuka, da ƙuli-ƙuli, aka ce ba a ajiye abinci a ɗakin kwana.

Makarantar gida ne mai bene, da gadajen ƙarfe a jere, kowanne da gidan sauronsa. Ƙararrawa ke tashe mu, ita ke kai mu wanka, ita ke zaunar da mu cin abinci. Akwai 'yan mata daga Bamako, da Konakiri, da Zinder, da Fotonobo, kowa da yarenta, Faransanci ne kaɗai ya haɗa mu. Shugabar, Baturiya ce siririya mai farin gashi, Madam kawai muke ce mata. Ranar farko na durƙusa na gaishe ta kamar yadda aka koya mini. Ta ce, "Tashi. Gwiwarki ke ciwo?" Ta kuma ce in tana magana in dube ta. Wannan ya fi mini cokali mai yatsu wuya. A gidanmu yarinyar da ta ɗaga ido ta kalli babba ta gama lalacewa, a can kuwa wadda ta sunkuyar da kai ita ce ake zaton tana ɓoye wani abu.

Karatun ya yi mini daɗi. Ranar da aka fara ba ni ɗan bututun katako na ɗora a cikin wata mata, na ji bugun zuciyar jariri, sauri-sauri kamar ƙafar ɗan tsako a kan faifai, na manta inda nake har sai da aka taɓa ni. Mutanen garin ma sun burge ni. Matansu dogaye ne, suna tafiya kamar ba abin da ke jiransu. Gaisuwarsu ta fi tamu tsawo, ku da kuke cewa tamu ta yi yawa. Mutum biyu su haɗu, kowa ya yi ta maimaita sunan gidan ɗan'uwansa kamar mai kirari, sai sun gaji.

Abinci kuwa, da safe burodi da kafe. Da rana shinkafa da kifi. Da yamma kifi da shinkafa. Shinkafar mai ƙananan ƙwaya ce, ja da mai da tumatir, ni har na zo ina sonta. Asibi in an ajiye kwano sai in ga maƙogwaronta yana motsi. Ta gwada, wallahi ta gwada. Ta toshe hanci ta haɗiye, ta fita bayan ɗaki ta dawo da shi. Ko shinkafar da ba ta taɓa kifi ba, a tukunya ɗaya aka dafa su. Sai ta koma rayuwa a kan burodin safe, nata da rabin nawa. Rigar da aka ɗinka mata daidai jiki ta fara rataya a kanta kamar a jikin ƙusa. Dariyarta ta tafi.

Kowane wata ana ɗora mu a kan sikeli. Ablabi ce ta gaya mana dalili. Ta ce abin da suka fi tsoro tarin fuka ne, duk wadda aka ga tana ramewa ba dalili, jirgi na gaba ake sa ta a mai da ita gida, kada ta shafa wa sauran da masu jego. A awo na biyu likita ya saurari ƙirjin Asibi bai ji komai ba, amma ya ce ciwon yakan ɓuya. Madam ta ce in awo mai zuwa bai nuna ƙari ba, sai gida.

Na tattara ɗan ƙarfin zuciyar da nake da shi na je na sami Madam. Na ce ba ciwo ba ne, kifi ne. Ta sa aka kira Asibi.

"Abincinmu ba shi da daɗi?"

Asibi ta dubi ƙasa. "Yana da daɗi ƙwarai, Madam."

"Kina ƙoshi?"

"Ina ƙoshi, Madam."

Madam ta juyo gare ni ta ce, "Kin ji." Ta sallame mu.

Da muka fito na kama hannunta. Na ce, "Asibi, don me?"

Ta ce, "A gidan mutum nake. A gadonsa nake kwana. In buɗe baki in ce abincinsa yana wari? In Babana ya ji na yi wannan, ya fi masa ciwo da a ce an koro ni."

Ban iya ce mata ba ta da gaskiya ba, don ni ma haka aka raine ni. Baƙon da ya kushe tuwo a zauren Baba ban taɓa gani ba.

Akwai hanya ɗaya da ake cin abincin waje. Ranar Lahadi ana barin ɗalibai su fita yini, amma sai wadda take da wakili a gari, wato gidan da ya tsaya mata. 'Yan Lome duk suna da wani kawu akawu ko gwaggo matar ma'aikacin gidan waya. Mu ba mu da kowa. Ranar Lahadi sai mu zauna a baranda muna kallon ƙofa.

Kullum muna tafiya asibiti a jere, biyu-biyu, wata mata tana gaba tana raka mu. Wata rana da la'asar, muna dawowa, aka tarar ana gyaran titin da muka saba bi, sai aka ratsa da mu ta gefen kasuwa. Nan hancina ya kama wani abu. Ba ƙarnin kifi ba, ba turaren matan garin ba. Yaji ne, da ƙuli-ƙuli yana ƙonewa a kan nama. Sai na ji kamar ina ƙofar mahauta a Sokode. Na duba, ga wani dattijo da hula a tsugune gefen wuta, ya kafa tsinkayen tsire sun kewaye ta. Babu mai kafa tsire haka sai namu.

Ƙafata ta tsaya da kanta. Fita daga layi laifi ne babba. Ablabi da ke bayana ta dubi inda nake kallo, ta dubi Asibi, sannan ta ce a hankali, "Igiyar takalminki ta kwance. Ki daɗe kina ɗaure ta." Ta yi gaba ta je ta kama mai rakiyarmu da surutu.

Ni da ko a gida ba na iya yi wa baƙon namiji magana, na je na tsuguna a gabansa.

"Sannu da aiki, Baba."

Wuƙar ta tsaya a hannunsa. Ya dubi farar rigata, ya dubi bayana. "Wa ya yi magana?"

"Ni ce, Baba."

"La'ilaha illallahu. 'Yar wa ce ke a cikin rigar Nasara?"

Na faɗa masa sunan Baba, na ce mai masaukin fatake ne a zangon Sokode. Ya ce bai taɓa zuwa Sokode ba, shi mutumin Konni ne, sunansa Idi. Ya ce, "Wa ya sauke ku a garin nan?"

"Babu kowa."

"Babu kowa? Tun yaushe?"

Na ce tun watanni. Na ba shi labarin Asibi a gurguje. Ya cire hula, ya shafa kai, ya mayar. Ya ce, "Wannan abin kunya namu ne, ba naku ba. Je ki. Inna Kulu za ta ji kafin magariba." Ya naɗe tsire a takarda ya miƙo. Na ce na gode, na ƙoshi. Ya ce, "Na san kin ƙoshi. Karɓi." Bayan ɗakin wanki Asibi ta cinye shi, har takardar ta lashe, tana ci tana hawaye.

Ranar Lahadi da hantsi aka ce Madam tana kiranmu. Muka shiga muka tarar da wata gajeruwar mata mai faɗi, cikin baƙin zane mai ƙyallin shuni, haƙora ja da goro. An ba ta kujera, ta ture ta gefe ta shimfiɗa gyalenta a ƙasa ta zauna, ga babban kwano a rufe a gabanta. Inna Kulu ke nan. Mijinta ya rasu ya bar mata gida a unguwar Madina, inda 'yan goro da mahauta ke sauka. Ta dube mu sau ɗaya ta gane wace ce wace. Ta ce, "Zo nan, ɗiyata." Ta matsa dantsen Asibi da yatsa biyu ta ce, "Subhanallahi. Tsintsiya."

Ba ta jin Faransanci, sai aka sa ni tafinta. Ta ce, "Gaya wa matar nan, haka ake riƙon baƙi a garinsu?" Na ce wa Madam tana gaishe ta da aiki. Madam ta ce, "Ta faɗi abin da ya fi haka tsawo, amma bar shi. Tambaye ta mece ce ita a wajenku."

Inna ta ce, "Ni ce mai masaukinsu."

"Ta san iyayenku?"

"Ban san su ba."

"Yaushe ta fara ganinku?"

"Yanzu."

Madam ta haɗa hannuwa a kan tebur. Ta ce ba za ta iya ba da 'ya'yan mutane ga wadda ba ta taɓa ganinsu ba sai yau. Wakili sai dangi, ko ma'aikacin gwamnati da aka sani. Ta ce in yi wa matar godiya in sallame ta.

Ban fassara ba. Na ɗaga kai na dubi Madam a ido, abin da ban taɓa yi ba. Ashe idanunta kalar ruwan toka ne. Na ce ta ba ni izini in yi bayani, ta ce in yi.

Na ce kakana ya yi ta tafiya da jakuna tsakanin Kano da ƙasar goro, bai taɓa kwana a waje a cikin gari ba, kuma yawancin waɗanda suka sauke shi ba su taɓa ganinsa ba sai ranar. A wajenmu mai masauki ba sai ya san ka ba. Da ka shiga zaurensa ka zama nauyinsa. In kayanka sun ɓata shi zai nema. In ka yi ciwo shi zai yi jinya. In ka mutu shi zai binne ka ya aika wa danginka. Na ce a yanzu haka da nake magana akwai mutane a zauren Babana suna cin tuwonsa, bai san iyayensu ba. Kuma in Inna ta cuce mu, labarin zai bi buhunan goro ya kai Kumasi ya kai Sokode, babu wanda zai ƙara ajiye kaya a gidanta. Na ce, "Madam, akawu in ya yi laifi ana canza masa gari ne. Ita ba ta da wani suna sai wannan."

Ban san daga ina maganar ta fito ba. Asibi ta saki baki tana kallona. Inna ta ce, "Me kike ta zuba mata haka?" Na ce labarin gida. Ta ce, "To ƙara mata."

Madam ta ce sai ta ga gidan da idonta. Na faɗa wa Inna, ta ce, "Ta zo. Amma ta zo da yunwa." Wannan na fassara shi daidai, kuma na ga bakin Madam ya ɗan motsa.

Ta zo kuwa, cikin makon. Ta ga zaure da huhunan goro a jere, ta ga tsakar gida a share, ta leƙa har madafa. Inna ta dama mata fura da nono, ta kurɓa don ladabi, sannan ta sake kurɓa. Ta yarda mu riƙa fita ranar Lahadi. Ta kuma yarda a riƙa kawo kwano ɗaya kullum da yamma, da sharaɗin a ɗauke shi a matsayin magani, a ci shi a ɗakin magani, don kada doka ta karye.

Asibi ta so ta yi gardama, wai Madam za ta ce an raina abincinta. Inna ta ce, "Wa ya ce nata ba daɗi? Ni na aiko da nawa. Ki dawo mini da kwanona da saura ki ga." Shi ke nan. Kunyar da ta hana ta magana ita ta sa ta siɗe kwano.

Abin da ya ba ni mamaki, ashe gero cike yake da garin, mutanen ƙasar ma shi suke ci a gidajensu, sai dai su dambu-dambu suke yinsa. Inna kuwa tuwo take tuƙawa, mai tauri irin na arewa, da miyar kuka ko ta kuɓewa busasshiya, wani lokaci da ƙashin da Malam Idi ya aiko. Ranar Lahadi mu yini a Madina. Hausar Inna ta gauraye da yaren garin, ta Asibi ta kasuwar Dapango ce, tawa ta Sokode, in muka haɗu sai fatake su yi ta dariya suna cewa kowa ta koma ta sake koyo. Lahadi ta farko Asibi ta ɗaga taɓarya ta kasa. Daga baya sai da Inna ta roƙe ta ta tausaya wa turmi. Ba a jima ba 'yan Zinder da na Bamako suka fara ciwon kai da yamma, daidai lokacin da kwano ke isowa. Har Ablabi ta yi ciwon sau biyu. Inna ta lura kwano yana dawowa kamar an wanke shi, ba ta ce komai ba, ta sake babba.

Duk da haka ban natsu ba, don ramar ta yi nisa, lokacin kuma kaɗan ne. Da safen awo na kawo wa Asibi shawara ta sha ruwa buta guda kafin a kira ta. Ta ce, "Ni ba buhun gyaɗa ba ne da za a jiƙa don ya yi nauyi." Inna ta zo tun da sassafe ta zauna a bakin ƙofar makaranta da kwanonta. Ta ce in an kori yarinya, ita za ta kai ta jirgi da kanta, ba za ta tafi kamar marar kowa ba.

Aka jera mu. Sikelin irin mai sandar ƙarfe ne, da ɗan dutsen da ake turawa. Asibi ta hau ba takalmi. Mai awo ta ajiye dutsen inda ya tsaya wancan watan. Sandar ta ɗaga sama. Ta tura shi gaba. Sandar ba ta sauko ba. Ta sake turawa, ta sake. Da sandar ta daidaita, likita ya leƙa, ya dubi Madam. Madam ta ce, "Sauka. Ki je wajen mai ɗinki, rigar nan ta kusa yi miki kaɗan." Sannan ta dube ni ta ce, "Ke kuma, Ramatu, ki rage zuwa ɗakin magani."

Ba mu jira ƙararrawa ba muka ruga ƙofa. Asibi tana ihu, "Inna, ya ƙaru! Ba za su kore shi ba!" Tana nufin kanta. Inna ba ta tashi ba. Ta tofar da goro, ta miƙa hannu ta matsa dantsen da yatsa biyu, ta juya shi, ta sake matsawa.

Ta ce, "Da saura."

Har muka gama karatu, har ranar da ta raka mu bakin jirgi, an sake wa Asibi riga an kuma sakewa, Inna ba ta taɓa matsa dantsen nan ta ce ya isa ba. In hanya ta kai ku Dapango, ku shiga matanite ku tambayi ungozoma. Za ku gan ta, ita ce mai cika ƙofa. Ku duba da kyau, ku zo ku gaya mini ko da saura.